Kafin A Ce Yaro Daƙiƙi Ne

Ya ku 'yan'uwana Hausawa na Hartum da Umdurman da Bahri, da na Mai Wurno da Madani da Gadarif da Kasala, da duk inda wannan mujalla tamu ta riske ku. Ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku a kan wata kalma da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, watau daƙiƙi, wadda a cikin aji ake cewa balid. Yau shekara 20 da 'yan kai ina riƙe da alli, kuma ban san wata kalma da ta raba yaranmu da makaranta kamar wannan ba. Malami ya faɗa, uba ya gaskata, yaro ma ya gaskata. Kafin shekara ta zagayo sai ka gan shi yana tura dardaga a kasuwar Libiya, ko yana fifita wuta a teburin agashe, ita kuwa yarinya an ɗora mata faifan gyaɗa. Sana'a ba abin kunya ba ce, iyayenmu da ita suka rene mu. Abin takaicin shi ne a yanke wa ɗan shekara 8 hukuncin rayuwarsa duka a kan laifin da ba nasa ba.

Me ya sa na ce ba nasa ba ne? A shekarar 2015 an gwada karatun yaran aji 3 a faɗin Sudan. Sakamakon, kamar yadda Bankin Duniya ya bayar, ya nuna kashi 40 cikin 100 ba su iya karanta komai ba, kashi 5 kacal ne ke karatu ba gargada, watau fiye da kalma 60 a minti guda. Wannan lissafi ya haɗa har da yaran da suka sha Larabci a nono. To, jama'a, da yaro ɗaya ne ko biyu a aji, sai a ce daga kansu ne. Amma idan 4 cikin kowane 10 suka kasa, ai sai a waiwayi yadda ake koyarwa. Wannan fa tun ana zaune lafiya ke nan. Da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu, 2023, makarantu suka rufe, wasu suka zama masaukin 'yan gudun hijira, har a watan Oktoba na wannan shekara hukumar UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan. Yaron da ya kamata ya shiga aji 1 a lokacin, ga shi ya girma bai san alif ba. Idan muka tarbi irin waɗannan yara da tsohon salon nan na a bi bakin malami a maimaita, wallahi kalmar nan za ta ci dubbai.

A kwalejin horon malamai an karantar da mu hanya biyu ta fara karatu. Ta farko ita ce juz'iyya, wadda take farawa daga harafi ta hau zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa kalma. Ta biyu ita ce kulliyya, wadda take nuna wa yaro kalma sukutum ko jimla tare da hoto, ya riƙe siffarta kamar yadda yake gane fuskar mahaifiyarsa, daga baya a sa rai ya tsinci haruffa da kansa. Hanya ta biyu tana da daɗi a ido, domin a sati na biyu yaro zai buɗe littafi ya rera shafi guda, iyaye su yi ta murna. Amma ka rufe hoton da tafin hannunka, ko ka rubuta kalmar a wata takarda dabam, sai ka ji shiru. Hadda ce ya yi. Ƙwaƙwalwa kuwa tana iya riƙe siffar kalmomi kaɗan, amma littafin aji 4 yana ɗauke da dubbai.

Turawa ma sun daɗe suna wannan gardama kafin bincike ya raba ta. A shekarar 2000 wani kwamitin masana da majalisar dokokin Amurka ta sa aka kafa ya tace ɗimbin bincike, ya fito da ginshiƙai 5 na koyon karatu. Yaro ya iya jin sautukan da ke cikin kalma tun kafin ya ga rubutu. A koya masa harafi da sautinsa ɗaya bayan ɗaya bisa tsari, da yadda ake haɗa su. Ya yawaita karatu da murya har harshensa ya sake. Ya tara kalmomi. Sannan ya fahimci abin da ya karanta. A ƙasar Sikotilan kuma wasu malamai mata biyu, Rhona Johnston da Joyce Watson, suka bi sawun yara wajen 300 na tsawon shekara 7. An fara musu da minti 20 a kullum na haɗa sautuka har sati 16. Rahotonsu na 2005 ya nuna a ƙarshen firamare yaran sun wuce mizanin shekarunsu da fiye da shekara 3 wajen karanta kalmomi, da fiye da shekara 1 da rabi wajen rubuta su daidai. Wajen fahimta kuwa 'yan watanni kawai suka ba da rata. Ku riƙe wannan na ƙarshe, za mu komo kansa. A 2006 Ingila ta karɓi rahoton Jim Rose, wanda ya ce da wannan hanya za a riƙa fara wa yara karatu.

Duk wanda ya yi makarantar allo zai ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, kuma ya yi gaskiya. Kakanninmu da suka biyo hanyar gabas, har da waɗanda suka taho bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da allo suka zo a cikin kayansu. Tsarinsu kuwa hawa-hawa ne. Kolo yana farawa da babbaƙu, watau haruffa tsurarsu, alu da ba guje da ta guje da jim ƙarami da ha ƙarami da ha babba. Sai farfaru, inda ake sa musu wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri. Sai a shiga haɗa su. Halwowin Sudan ma, irin ta Ummu Dawwan Ban da take ci tun ƙarni na 19, a kan rairayi yaro yake fara zana harafi da yatsa kafin faki ya ba shi allo. Ƙa'idar Bagadadiyya da ta Nuraniyya duk a kan wannan turba suke. Ashe abin da masana suka tabbatar da alƙaluma, malamanmu sun riga sun gano shi da ƙwarewa.

Sai dai bincike ya yi gyara a wuri biyu. Na farko, sunan harafi daban, sautinsa daban. Yaron da ya iya cewa ba guje, alu, ba guje, alu, bai zama lalle ya ji baba a ciki ba. Sauti shi ne abin da ake haɗawa, don haka tun ranar farko a ce masa ba, bi, bu, kuma da ya sami haruffa 4 ko 5 a ba shi kalma ta gaske ya karanta, kada a jira sai ya gama 28. Na biyu shi ne ma'ana. A 1986 Philip Gough da William Tunmer suka kwatanta karatu da lissafin sau: iya furta rubutu sau fahimtar harshe. Kowa ya san in ɗaya ya zama sifiri, amsa sifiri ce. Mai hadda daga hoto yana da sifiri ta ɓangaren farko. Wanda yake furtawa tiryan-tiryan bai san me yake faɗa ba yana da sifiri ta na biyu. A halwa an san ma'ana tana zuwa daga baya wajen karatun littattafai, amma darasin hisabi da na tarihi ba sa jira.

A nan ne yaron Bahaushe yake da nasa hali na musamman. Harshe 3 yake fama da su: Hausa a gida, darijiyya a titi, fus'ha a littafi. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum ya wallafa littafi a 1999 a kan yadda Hausar Sudan take rikiɗewa saboda zama da Larabci, kuma mu shaida ne, a birni akwai yaranmu da darijiyyarsu ta fi Hausarsu ƙarfi. Ko wanne ne ya fi zama a bakin yaro, daga nan ya kamata a ɗauko shi. Kuma Hausa ba kaya ba ce a kansa, guzuri ce. Kunnen da ya bambanta gari na mutane da gari na tuwo ya riga ya san gajeren wasali da dogo, saboda haka ba zai sha wuyar jamal, raƙumi, da jamaal, kyau, ba in an nuna masa. Bakin da ya raba baba da babba ya san shadda, ba zai kira tattabara banɗaki ba, watau hamaam da hammaam. Kalmar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere ba wasali, haka ma ta Larabci. Ga kuma kalmomin da muka ara tun da daɗewa: allo da alƙalami da littafi da malami, Litinin da Talata da Laraba, ashirin da talatin da arba'in. Yaron da aka nuna wa cewa allonsa shi ne lauh, sai ka ga fuskarsa ta washe, ya gane ashe ba baƙo ba ne a gidan.

Inda yake da rauni kuma sananne ne. Hausa ba ta da ainun da ha ta maƙogwaro da gainun da sadun da dadun, ba ta da haruffan nan da ake sa harshe tsakanin haƙora. Yaro ba ya rubuta abin da kunnensa bai ji ba. In sin da sad duk sa ce a wurinsa, to ko an yi masa bulala goma canki-canki zai yi. Maganin shi ne a ajiye waɗannan zuwa baya, a fara da waɗanda yake da su a baki, irin su mim da ba da ra da lam da kaf da dal, in an iso masu wuyar a riƙa jera masa kalma biyu masu kama da juna, ya saurara, ya dubi bakin malami, ya furta, kana ya rubuta. Haka kuma ba da ta da nun da ya, waɗanda ɗigo ne kawai ya raba su a farkon kalma da tsakiyarta, kada a zuba masa su a sati ɗaya.

Na gwada wannan da hannuna a lokacin da ba aji ba allo ba littafi. A wata unguwa ta arewacin Umdurman inda muka fake, yara sukan zo takiyya tun da hantsi su jera kwanukansu suna jiran adas ta nuna. Na ga zaman ya yi yawa, sai na riƙa tara su a gindin wata darbejiya na rabin awa. Satin farko ba mu rubuta komai ba. Tafi muka riƙa yi muna sara sunaye gaɓa-gaɓa, muna neman kalmomin da suka fara da irin sautin da masara ta fara da shi, muna zaurance. Wannan wasa da 'yan mata suke yi don ɓoye zance, su juya gaɓoɓin kalma ko su cusa wata gaɓa a tsakani, shi ne ainihin horon kunnen da masana suke nufi, mu muna da shi kyauta. Daga nan muka shiga rairayi da yatsa. Da haruffan Larabci muka rubuta kalmomin da suka sani, nama da rana da kifi da tulu, watau ajami ke nan. Harafin da yaro ya koya a cikin nama shi ne dai zai tarar a littafin makaranta, ba a yi asarar komai ba.

Wata rana wani dattijo ya jawo jikansa ɗan shekara 11, wanda ya maimaita aji tun kafin yaƙi.

Ya ce, "Ustaz, ga shi nan dai don kada ya yi ta yawo. Amma kada ka wahalar da kanka, wannan kansa dutse ne."

Na ce, "Baba, ku bar mini shi wata 2, in bai motsa ba na yarda da maganarku."

Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, ɗana."

Da na gwada yaron sai na tarar ya haddace shafuffuka da yawa na littafin aji 2, yana kawo su kamar ruwa. Wanda ya iya wannan kuwa ba a ce masa marar kai ba. Haruffa ya san sunayen galibinsu, amma ba wanda ya taɓa nuna masa cewa ana jan sauti a sadar da shi da na gaba. Ranar da ya ja ra ya sadar da ita da na, ya ji rana ta fito daga bakinsa, sai ya ɗago kai ya dube ni kamar na yi masa dabo. Kafin wa'adin ya cika, aka liƙa takardar sunayen masu karɓar taimako a bango, shi ya bi layi da yatsa ya gano sunan kakansa. Tsohon bai ce komai ba, sai ya dafa kan yaron ya daɗe bai ɗauke hannu ba.

Ba duka ne suka yi irin wannan gudu ba. Akwai yara biyu da sai mun maimaita abu sau da yawa kafin ya zauna, gobe kuma ya zame. Masana suna kiran wannan disleksiya, da Larabci usrul ƙira'a. Ba lalaci ba ne, ba kuma aikin iska ba ne, wahala ce ta rarrabe sautukan magana, kuma tana samun yara masu kaifin basira. Abin da suke bukata shi ne wannan hanya dai, amma a hankali, da ƙarin lokaci, ba tsawa.

Sai batun imla'i, wanda shi ne dodon yara da yawa. Bincike ya nuna rubutu da karatu ɗan juma ne da ɗan jummai: yaron da ya rarraba kalma sauti-sauti ya rubuta ta, ita ce take manne masa har ya riƙa gane ta da kallo ɗaya. Kwafar kalma sau 20 kuwa hannu ne yake aiki, kai yana wani wuri. Abin da ya fi shi ne malami ya faɗi kalma, yaro ya maimaita, ya ƙirga sautukanta da yatsu, ya rubuta, ya duba, ya gyara da kansa nan take. Ramya da faki yake yi wa almajirai, yana faɗa suna rubutawa, 'yar'uwar wannan ce. Kalma 5 a kullum ta fi 30 ranar Alhamis, kuma kada a ba yaro kalmar da take da harafin da ba a koya masa ba. Ƙa'idoji irin su ta marbuɗa da tanwin da hamza da haruffan shamsiyya 14 da lam take ɓacewa a gabansu, kowacce a ba ta satinta. In yaro ya ɗan tasa a nuna masa saiwar kalma, yadda kataba da kitab da katib da maktaba suka fito daga haruffa 3. Kada kuma mu ɗauka mu kaɗai ne masu tuntuɓe. Maƙwabtanmu da suka tashi da darijiyya suna rikita ƙaf da gainun, har istiƙlal, mulkin kai, ya koma istiglal, ci da gumin wani. Wasulla kuma a bar wa yaro su a kan kalmomi har ƙafarsa ta yi ƙarfi, domin binciken da aka yi a kan masu koyon Larabci ya nuna mai farawa ya fi karanta rubutu mai wasali daidai. A riƙa janye su sannu-sannu.

Yanzu mu koma ga fahimta, inda yaran Sikotilan ba su yi nisa ba. Haɗa sauti yana buɗe ƙofa ne, abin da ke cikin ɗaki kuwa kalmomi ne da sanin duniya, su kuma ta kunne suke fara shiga. A nan iyayenmu mata suke da babban rabo ko da ba su taɓa shiga aji ba. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi tana koya wa yaro cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma in Inna ta tsaya ta ce, "Kai, me kake gani Gizo zai yi?" ta yi darasin fahimta cikakke. Yaya ko ƙanin uba da ya iya karatu ya riƙa karanta wa ƙanana ɗan labari da fus'ha, ya fassara abin da ya shige musu duhu. Rahoton Bankin Duniya na 2021 a kan koyar da Larabci ya ƙarfafa a sa yara su saba da jin fus'ha tun suna ƙanana, kuma a gina a kan kalmomin da suka riga suka sani.

Fara karatu da harshen gida ba sabon ra'ayi ba ne. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada shi da Yarabanci a Ife tun daga 1970. Nijar ta buɗe makarantar gwaji da Hausa a Damagaram a 1973. A jihohin Bauci da Sakkwato aka shigo da littattafan Mu Karanta a 2016, waɗanda aka tsara su harafi bayan harafi. A nan gida ma tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ya kira dukan harsunan ƙasa harsunan al'umma da ya wajaba a raya su. Harshen makaranta a nan Larabci ne, kuma muna son yaranmu su ƙware a cikinsa fiye da kowa. Hausa tsani ce da za su taka su hau.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu na unguwa ita ce kada mu jira sai komai ya daidaita, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A Indiya ƙungiyar Pratham ta fito da dabarar raba yara bisa matakin karatunsu maimakon shekarunsu: waɗanda ba su san harafi ba rukuni guda, masu harafi guda, masu kalma guda, masu jimla guda. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka gwada ta suka ga tana aiki, har da malamai 'yan sa kai. Wannan ita ta dace da halinmu, inda ɗan shekara 7 da ɗan 12 suke mataki ɗaya. Muna da samari da 'yan mata da suka gama sanawiyya suna zaune, muna da zauruka da inuwar masallatai, rairayi kuwa Allah ya hore mana shi. Horon 'yan kwanaki ya isa a fara, kuma mu malamai 'yan ƙabila ya kamata mu ba da yammacinmu don wannan.

Kai kuma uba, ke kuma uwa, ga abin da za ku yi ko yau da dare. Ku sa a rubuta kalma 5 masu sauƙi da wasullansu a farar takarda, waɗanda ba daga littafin yaro aka ɗauko su ba, ku miƙa masa. In ya karanta, alhamdu lillahi, ku nemo masa abin karantawa, ko da kwalin shayi ne. In ya tsaya yana kallon sama yana lalube, kada ku zage shi, kada ku cire shi daga makaranta. Ku kai shi wurin wanda zai koma da shi kan sauti da harafi, rabin awa a kullum, ku ba shi wata 2 ko 3 ku gani.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya buɗa wa yaranmu ƙirji. Wassalam.